Randar Irin Wake da Gwaggo Dije

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya san abin da ke cikin zuciya tun kafin harshe ya motsa. Ni Kulu uwarku nake faɗa, ɗana Isa yana rubutawa, don ban iya riƙe alƙalami ba. Ba zan tsaya kan haihuwata ko aurena ba, kun ji su har sun ishe ku. Shekara ɗaya nake so mu zauna a kanta, shekarar da Gwaggonku Dije ta yi a gidanmu na Kutemeshi. Kun taso kuna jin cewa ta zo ta raba ni da yayarku, ta tafi da ita don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A bakina kuka ji, ku ma kuka faɗa wa 'ya'yanku. To, ba haka aka yi ba.

Kafin zuwanta gidanmu kamar gidan kowa yake. Ni ba ƙazama ba ce, ina shara safe da yamma, amma mun ɗauki ƙwaro a matsayin ɗan gida. Kuɗin cizo yana cikin gadon kara, ɓera yana yawo a jinka, gara tana cin ƙyauren ɗaki muna kallo. Duk shekara mun san akwai rabon da za su ɗiba a rumbu, in an buɗe an ga ɓarna sai a ce haka Allah ya so, a ci abin da ya rage.

Gwaggo Dije yayar babanku ce, ciki ɗaya. Ta yi aure can bakin daji wajen Dogon Dawa, inda maƙwabtanta duk Gwari ne, ta shekara ashirin a cikinsu har tana jin harshensu. Mahara suka riski mijinta a gona suka kashe shi. Da ta fita takaba babanku ya je ya ɗauko ta, damina tana shirin ɗaukewa. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Kayanta tabarma ɗaya ne da tukwane biyu da wasu ƙullin busassun ganye. Na share mata ɗakin da ke kusa da rumbu, na shimfiɗa sabuwar tabarma, ina jiran sannu. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iskar ɗakin, ta ajiye kayanta a waje, ta shiga fito da komai tsakar gida.

"Yaya, jiya na share ɗakin nan da hannuna," na ce mata.

"Na gani, Kulu, sannu da aiki. Tsintsiya ba ta shiga tsagar bango, can kuwa suke ɓuya."

Ba ta faɗa da faɗa ba, amma tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Ta tafasa ruwa ta kwarara wa gadon, ta shanya shi a rana. Ta kwaɓa laka ta bi tsagogin bango ɗaya bayan ɗaya ta toshe. Ta zuba garwashi a kasko ta ɗora ganyen doddoya da barkono, ta rufe ɗakin har hayaƙi yana fita ta jinka. Kwana uku tana kwana a zaure kafin ta shiga. Daga nan abin ya bazu cikin gidan a hankali, ba tare da ta umarci kowa ba. Itacen girki da na saba jinginawa da bango ta janye shi nesa, ta ɗora a kan duwatsu, wai ta nan gara ke samun hanya. Ba a barin akushi da sauran tuwo ya kwana ba a wanke ba. Dusa da tsaki ba a zubar da su kusa da ɗaki, sai can bayan gida inda kaji za su tsince. Kowace tukunya da faifanta. Duk ranar Juma'a da hantsi a fito da tabarmi a karkaɗe a shanya. Kafin wata biyu yara suka daina tashi da ƙuraje, babanku ya fara cewa bai taɓa barci mai daɗi irin na bana ba.

Da iyakar abin ke nan da na haƙura. Yayarku ce ta kai ni inda na je. Kun sani 'yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa jawo ta jikina a gaban mutane ba. Haka aka koya mana, haka uwata ta yi wa yayana. Shekararta sha ɗaya a lokacin, ina kallonta tana girma ta gefen ido, ina jin daɗi a ɓoye. Sai ga mace ta zo wadda ba ta da wannan takunkumin. Yau dole in faɗi sunan, tunda maganar wasu nake maimaitawa. Tun da asuba za ka ji Gwaggo tana "Hajara, zo ki gani," "Hajara, kawo toka," "Hajara, hannunki ya fi nawa kyau." Yarinyar da ke sunkuyar da kai in ta zo wucewa ta gabana, sai ga ta tana ƙyalƙyala dariya a ɗakin Gwaggo. Wata rana ina daka na hango su a inuwar rumbu, ta kwantar da kanta a cinyar Gwaggo ana duba mata ƙwarƙwata, idonta a lumshe. Na daka geron nan har ya zama gari, alhali surfe aka sa ni.

Maƙwabta ma suka fara shigowa, su gaishe ni a tsaye su wuce wajen Gwaggo su zauna. Wannan tana tambayar maganin kiyashi, waccan tana tambayar yadda za ta yi da gafiya. In Gwaggo tana aiki sai ta ce, "Ku tambayi Hajara, ta sani." Mata suka soma kiranta Hajarar Gwaggo, a gabana, a gidana.

Da kaka ta yi babanku ya danƙa rumbunan gida a hannun yayarsa. Bai yi shawara da ni ba, bai ma ga akwai abin shawara ba. Ta sa aka kwashe tsohon hatsi kaf, ta ce ba a ɗora sabo a kan tsoho. Aka share cikin rumbu aka turara, aka nome ciyawar da ke ƙarƙashinsa, aka zagaye duwatsun da yake zaune a kai da toka. Zangarniyar dawa ta iri ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai riƙa dukanta. Saura wake, wanda ya fi komai saurin lalacewa. Ta ce wannan aikin yayarku za ta yi shi ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Yarinya ta shanya irin wake kwana uku, ta tankaɗe toka mai sanyi, ta riƙa gauraya ƙwarya ɗaya ta wake da ƙwarya ɗaya ta toka tana zubawa a babbar randa tana girgizawa. Ta cike saman da toka zalla, ta kifa kasko, ta shafe bakin da laka. Babanku yana tsaye yana murmushi.

"To, irin gidan nan na baɗi yana hannun Hajara," ya ce. "Yaya, kin yi mana tarbiyya, Allah ya saka."

Ni na haife ta, ni na goya ta, ni na kwana zaune lokacin da ta yi ƙyanda. Ba wanda ya waiwayo ya dube ni.

Ina da waken gayaunata, na zuba shi a tukunya ba toka ba komai, don kada a ce na kwaikwayi Gwaggo. Kafin wata biyu ƙwaro ya huda shi. Ina tsince shi a faifai yayarku ta zo ta durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ta saba.

"Inna, da kin bari na sa miki toka irin ta Gwaggo."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, taimako take so ta yi. Ni kuwa abin da na ji shi ne 'yata tana koya mini riƙon gida da bakin wata. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Bayan kwana kaɗan aka yi suna a Kazage wajen dangin babanku, duk gida aka tafi za a kwana biyu. Isa yana goye yana fama da tari, sai na zauna. Hantsi ne, rana tar, ba wani shaiɗan da ya shigo mini cikin duhu. Na kwantar da Isa, na shiga rumfar da randar take, na ɓamɓare lakar a hankali na tara gutsattsarin a kasko. Na juye waken a tabarma, na sheƙe tokar da faifai kamar mai shiƙar gero, na kai ta juji. Na kawo wakena mai ƙwaro na gauraya a ciki, na mayar randa, na barbaɗa toka a sama daidai yadda na same ta. Na jiƙa lakar nan tata na sake kwaɓawa na shafe bakin. Kafin su dawo ta bushe. Na gaya wa kaina cewa Gwaggo nake so ta ji kunya, a san dabararta ba wahayi ba ce. Na daɗe ina cewa na manta yarinyar ce ta cika randar. Ban manta ba. Ina sane, na kawar da kai.

Wata biyar randar tana nan, ina wucewa ta gabanta kullum. Sau da yawa na yi niyyar in buɗe in gyara, sai in ji dariyarsu daga ɗaki in fasa.

Da ruwan farko ya sauka aka gama shukar gero, babanku ya ce a buɗe wake a duba kafin lokacinsa ya zo. Yayarku ce ta ɗauko dutse da murna ta fasa lakar. Tana ɗaga kasko ƙwari suka taso mata a fuska, wani wari mai ɗumi ya biyo baya. Babanku ya zura hannu har gwiwar hannu ya damƙo, ya buɗe tafinsa. Ɓawo ne da gari, ko ƙwaya ɗaya mai rai babu. Ya sake zurawa ya damƙo daga ƙasa.

"Ina tokar?" ya ce. "A sama kawai kika barbaɗa don ki ruɗe mu?"

"Wallahi Baba na gauraya. Ƙwarya ɗaya, ƙwarya ɗaya, har ƙasa."

"Har da rantsuwa?"

Ya mare ta. Babanku bai taɓa ɗaga hannu a kan ɗa ba, kafin ranar ko bayanta. Ba ta yi kuka ba, ta dafe kumatu ta juyo ta dube ni. Ba zargi ba ne a idonta, jira take uwarta ta ce wani abu. Na sunkuyar da kai na gyara goyo. Duk wanda ke wurin ya ɗauka kunyar 'yar fari ce ta hana ni magana, har wata maƙwabciya ta yaba mini daga baya.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki wani gutsuren lakar, ta juya shi a hannu tana kallon sawun yatsu. Ta ɗago ta dubi hannuna na hagu. Kun san ni bahaguwa ce. Ta jefa gutsuren cikin randar, ta shiga tsakanin babanku da yarinyar.

"Ni na sa ta aikin, Tanko, ni za ka tambaya. Kada ka ƙara taɓa ta."

Washegari Gwaggo ta bi wasu fatake ta ratsa daji zuwa Dogon Dawa, a lokacin da maza ma ba sa son bin hanyar nan saboda mahara. Kwana shida ta dawo da ƙafa a kumbure, ɗauke da irin wake da ƙawayenta Gwari suka tara mata. Irin bai wuce na rabin gona ba. Shekarar nan mun ci tuwo da miya ba wake har kaka ta zagayo, ku ba za ku tuna ba. Ranar da ta dawo ta same ni ni kaɗai a bakin rijiya. Ta karɓi guga ta ja mini ruwa, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kulu, hannun da ya shafe bakin randar nan daga hagu ya taso."

Na gyara zaman tuluna a bakin rijiya. Ta ci gaba:

"Ba zan faɗa wa Tanko ba, don in na faɗa aurenki ya mutu, ga goyo a bayanki. Ba zan faɗa wa yarinya ba, uwa ɗaya gare ta, ba ni zan ɓata mata ita ba. Ke za ki faɗa. Ina jiranki har a yanke gero."

Da ta zage ni da na sami abin riƙewa. Ta rufa mini asiri, kuma wallahi na ƙara tsanarta saboda haka, don yanzu har a kirki ta fi ni. Kullum in ce gobe. Ina kallon yayarku tana ramewa. Ta daina dariya, in ta rufe tukunya sai ta koma ta duba sau uku. Babanku in ransa ya ɓaci sai ya ce da ita mai toka a sama. Sau ɗaya na kira ta ɗakina da niyyar faɗa, ta zo ta durƙusa tana jira, na ce ta miƙo mini tsintsiya.

Aka yanke gero. Gwaggo ta jira kwana bakwai a kai, sannan ta sami babanku ta ce za ta koma wajen dangin mijinta, kuma tana roƙon a ba ta riƙon Hajara. Ba abin mamaki ba ne gwaggo ta riƙi 'yar fari, kowa yana yi. Babanku ya kira ni gabanta ya tambaye ni ko ina da magana. Gwaggo ta zuba mini ido. Na san ƙofa ta ƙarshe ce take buɗe mini: in na faɗi gaskiya yarinya ta wanku, ta zauna a gidan ubanta. Na dubi babanku, na tuna hannunsa a kumatun yarinyar, na ji tsoro.

"'Yarka ce, Malam, yadda ka gani," na ce.

Ranar tafiyarsu Gwaggo ta shigo ɗakina yi mini sallama.

"Zamana a gidan nan ne ya kai ki ga abin da kika yi, shi ya sa zan tafi," ta ce. "Amma ba zan bar ta inda ake ganin ta lalata irin gida ba. Ƙofata a buɗe take, duk ranar da kika shirya."

Yayarku ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Inna, mun tafi." Na ce Allah ya kiyaye hanya, ina fuskantar bango.

Bayan tafiyarsu na ɗauki duk abin da Gwaggo take yi na riƙe, ban bar ko ɗaya ba. Gidan da kuka taso a ciki, da ba ku san cizon kuɗin cizo ba, da mata ke zuwa tambayata yadda ake ajiye iri, duk nata ne. Na karɓi yabon ban taɓa ambaton sunanta ba. In an tambaye ni ina yayarku sai in yi ajiyar zuciya in ce an ƙwace mini ita. Na faɗa har na kusa yarda da kaina. Babanku ya rasu yana ganin 'yarsa ta yi masa ƙarya da rantsuwa. Gwaggo ta aurar da ita a can, ta yi mata gara, ta yi mata wankan jego. 'Ya'ya mata uku yayarku ta haifa, ta farko Hadiza, sunan Gwaggo, ba ko ɗaya mai sunana. Lokacin da labarin rasuwar Gwaggo ya zo na yi mata addu'a da baki, amma abin da ya fara faɗo mini shi ne yanzu ba mai sani sai ni.

Kakar da ta wuce na sa aka ɗora ni a jaki aka kai ni Dogon Dawa. Na ce muku jikoki zan gani. Na same ta a tsakar gida tana cika randar iri, mace mai furfura a goshi. Ina zaune ina kallo ta cika randar har baki, ta juye a tabarma, ta tona da yatsu tana duba toka, ta sake cikawa. Ta sake juyewa. Hadiza ta matso za ta taya ta, ta daka mata tsawa ta koma.

"Me ya sa kike juyewa?" na tambaye ta. "Ai ta cika daidai."

"Haka na gani wancan karon ma, Inna. Har yau ina ganin kaina ina gauraya tokar nan, amma ga shi babu ita. Tun daga ranar ban yarda da hannuna ba."

Na ce ta sallami yara. Na faɗa mata duka, yadda na faɗa muku yanzu, ban rage tsinke ba. Ta zauna a kan dugaduganta, hannuwanta fari fat da toka, ba ta motsa ba har na gama. Sannan ta ɗago ta tambaye ni.

"Gwaggo ta sani?"

"Tun ranar da aka buɗe."

"Shekara ashirin da wani abu muna ɗaki ɗaya, gida ɗaya. In na kai mata ƙararki, na ce kin ƙi tsaya mini, sai ta ce in riƙe bakina, uwata ce. Duk sallah ita ke tura ni in je in gaishe ki."

Sai ta fashe da kuka. Na zaci kukan marin ne, ko na shekarun da na cinye mata. Na miƙa hannu zan taɓa ta a karo na farko tun tana goye. Sai na ji abin da take faɗa cikin kukan: Gwaggo, Gwaggo, Allah ya ji ƙanki. Na janye hannuna. Isa, rubuta wannan ma, don gaskiya na zauna faɗa: a wannan lokacin, da tsufana, da laifina a shimfiɗe a gabana, kishin matar nan ne ya sake taso mini.

Kwana biyu na yi. Ta dafa mini abinci, ta kai mini ruwan wanka, ba ta sake tayar da maganar ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin gari, ta riƙe mini jaki na hau. Na ce ta yafe mini. Ta gyara mini zane a gwiwa, ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Inna." Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ta ce wa mai jan jakin ya bi da ni a hankali wajen gangaren rafi, ta juya ta koma gida.